Yadda Na Zaɓa Miki Lakwal Ran Lahadi

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah shi kai ku Paraku lafiya, ke da mijinki Malam Sani da yara duka. Allah shi tsare ku daga sharrin hanya, da direba mai gyangyaɗi, da shanun da ke ƙetare titi wajen Gene ba su duba kowa ba. Allah shi sa wanga canjin wurin aiki da anka yi miki shi zama alheri, shi haɗa ki da abokan aiki nagari da maƙwabta masu haƙuri.

Shekaranjiya da kinka zo ban kwana kin yi mini tambaya ina cikin alwala. Kin ce ɗanki takwarana ya ci sartafika, jarrabawar gama firamare, to in kun sauka Paraku wace lakwal, wato makaranta, za a sa shi, babbar ta gwamnati wadda ke kike so, ko 'yar ƙarama ta kuɗi wadda mijinki ya ji ana yabo. Na ce miki sai na yi tunani. Innarki tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta yi dariya har gari ya zube mata a zane, ta ce, "Wai shi za a tambaya zaɓen lakwal!" Tana da gaskiya. Amma mutumin da ya taɓa yin abu a karkace shi ma shina da abin faɗi, don haka ki zauna ki karanta, ko a cikin mota ne.

Kin dai tuna lokacin muna Madekali, ina noman albasa. Shekarar da kinka ci taki sartafika an buɗe wata 'yar kwaleji kusa da mu, rumfunan zana ne, awaki na leƙowa su ji karatu. Innarki ta ce a sa ki nan, ki riƙa kwana gida. Ni ma da farko hankalina ya kwanta da haka. Sai wata rana bayan la'asar muna zaune gindin tsamiya, abokina Tankari ya gyara hula ya ce shi kam ɗanshi Lawali birni za shi, babbar lakwal ta gwamnati da ke Malanbil. Ya ce, "Isuhu, ai kowa da ƙarfinshi. Taka ɗiyar rumfa ma ta ishe ta." Ni da Tankari tare anka yi mana kaciya, kuma tun ranar muke gasa. In ya sayi rediyo sai na sayi wadda ta fi ta ƙara. Kafin in tashi daga tabarmar nan na riga na yanke cewa birni za ki. Ban san ko lakwal ɗin tana da rufi ba, ban san me ake koyarwa ba. Abin da na sani kawai, Tankari ba shi riga ni.

To ki dubi zuciyarki da kyau. In wata abokiyar aiki ce ta ce nata ɗan wuri kaza shike, kinka ji wani abu ya motsa miki a ƙirji, ki bari shi kwanta tukuna. Ita ba ta kwana da yaron, ba ta san shina tsoron lissafi ba. Haka shi ma Malam Sani, ki tambaye shi cikin ladabi wa ya yaba mishi waccan ta kuɗin. In mai lakwal ɗin ne da kanshi, kin ga ai magana ta ƙare.

Innarki ta ce tunda na nace, in je in gani da idona. Na ce ai dole. Na kawo albasa kasuwar Malanbil ran Lahadi, na sayar, na hau kabu-kabu, moton haya mai ƙafa biyu, na ce shi kai ni babbar lakwal. Uwani, ban taɓa ganin wuri mai daɗi irin wannan ba. Ga katanga doguwa, ga ƙofar ƙarfe, ga itatuwan dogon yaro sun yi inuwa, an share ko'ina. Shiru kamar masallaci bayan walaha, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Na leƙa ta taga, na ga bencuna jere ba kowa. Na ce a raina, lalle nan kowane yaro da bencinshi, in ya gaji ma shi miƙe ƙafa. Akwai wani tsoho mai gadi kishingiɗe a ƙofa, na yi mishi sallama na ce, "Baba, haka wurin nan shike kullum, tsit?" Ya buɗe ido guda ya ce, "Kullum," ya yi hamma, sannan ya ƙara da cewa, "ran Lahadi." Ni kuwa ina jin "kullum" na riga na juya, har na ɗora ƙafa bisa moto. Daga baya ne ragowar maganar ta iso mini, bayan wata biyu.

Na koma gida na ce wa innarki, "Gambi, wurin nan ko jariri ka kwantar sai shi yi barci." Ta ce, "Yaran fa, ka gan su? Malaman fa?" Na ce, "Suna ciki suna karatu, shi ya sa ba a jin su." Ta dube ni, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Ranar komawa lakwal na sa babbar rigata ta Salla, na riƙo hannunki. Tun daga nesa nake jin wata irin guguwa, na ɗauka ko kasuwa ce ta tashi ta koma can. Da munka iso, sai na ga yara kamar fari sun sauka a gona, duka cikin kaki iri guda, wasu na gudu, wasu na kokawa, masu talla sun jeru da shinkafa da wake, kekuna sun hau kan juna. Bencin da na ce na mutum guda ne, na ga an matsa yara huɗu a kai, na biyar ya ɗora rabin ɗuwawu. Wani yaro ya taka mini riga, na juya in yi mishi faɗa, kafin in waiwayo kin ɓace. Na tsaya tsakiyar fili ina juyi. Duk yarinyar da na kama sai ta zama ta wani.

Saboda haka in za ki duba lakwal, ki je ranar aiki, lokacin da anka fito shan iska. Ki tsaya ki ga yadda yara ke shiga da fita, ko akwai babba mai lura da su. Ki duba wurin ruwan sha, ki duba ban ɗaki, kada ki ji kunya, ke ungozoma ce, kin ga abin da ya fi shi. Katanga da fenti kowa na iya yi. Kuma in kin tambayi mutum, ki bari shi kai ƙarshen maganarshi.

Bayan 'yan makonni innarki ta ɗaura miki ƙuli-ƙuli da yaji ta ce in kai miki. Na isa, anka nuna mini ofishin surbeyan, wato mai kula da ɗa'ar yara. Wani dogon mutum ne daga kudu, can wajen Kwatano, Hausarshi ta kasuwa ce. Ya ce, "Baba, wa kake nema?" Na ce, "Ɗiyata Uwani." Ya duba ya duba, ya ce ba su da mai wannan suna. Na ce ai ba shi ne sunan yanka ba. Ya ce, "To faɗi na yankan." Nan fa ake yin ta. Ke kin san sunan mahaifiyata anka sa miki, Allah shi jiƙan ta, kuma tunda nake ban taɓa buɗe baki na kira sunan nan ba. Na ce, "Mushe," don haka ake cewa malam da Faransanci, "sunan uwata gare ta." Ya ce, "Madalla. Yaya sunan uwarka?" Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. A Madekali da wani ya yi mini wagga tambaya da sai an raba mu. Amma na ga mutumin ba da zagi yake nufi ba, biro na hannunshi shina jira.

Na yi ta kewaye. Na ce sunan matar Annabi Sulaimanu ne. Ya ce shi ya ji an ce matan Sulaimanu suna da yawa, wacce daga ciki? Na ce mai sarautar nan. Wani yaro ɗan Dandawa da anka sa shi durƙuso a gefe don ya makara, shi ya ɗaga kai ya faɗi sunan da ƙarfi. Na ce, "Shi ne, Allah shi yi maka albarka." Surbeyan ya ce a kira duk mai wannan suna a ajin farko. Sai ga 'yan mata suna fitowa ta kowane lungu, doguwa da gajera, baƙa da fara, sun jeru gabana suna kallon ƙullin ƙuli-ƙuli. Duka sunan uwata gare su, kuma babu ke a ciki. Ashe ajinku ba shi da ɗaki nashi na kanshi. In wani aji ya fita wasan motsa jiki sai ku shige nasu, in sun dawo ku kwashi kaya ku nemi wani. Na bi sawunku daga wannan ɗaki zuwa wancan kamar mai neman Fulanin da sunka yi ƙaura, kowa na ce mini, "Yanzun nan sunka tashi." A ƙarshe na same ku gindin mangwaro, ƙuli-ƙulin kuwa saura kaɗan, don ba ni iya barin masu sunan uwata su koma hannu banza.

Abin da na koya ranar, a babbar lakwal yaro na iya ɓacewa alhali shina nan zaune. Ba mugunta ba ce, yawa ne. Malami guda ba shi iya riƙe fuskokin nan duka. Don haka in kun sa takwarana, ki nemi malami guda, guda tak, wanda zai san fuskarki shi san ta yaron. Ki riƙa zuwa gaishe shi tun ba a kira ki ba. Kuma tunda ke ma ba ki iya faɗin sunan yaron saboda nawa ne, ki rubuta shi a tafin hannu kafin ki shiga ofis.

Sai maganar masauki. Madekali ta yi nisa da a je a dawo kullum, dole ki zauna wurin wani. Innarki ta ambaci wata ƙawarta mai sayar da zannuwa, gidanta shiru. Ni na ce a'a, gidan Gwaggo Hadiza za ki, ɗiyar ƙanen babana, mai tuyar kifi da masa a bakin tasha. Na ba da hujjoji masu kyau, na ce jini ne, na ce kusa ne. Amma ke yanzu kin girma, kin san duk ranar kasuwa a wurinta nake sauka, kuma duk faɗin bakin kogin Kwara ba wanda ya kai ta iya soya ragon ruwa. Na yi tunanin yarinyar da ke cin irin wannan kifi ai dole kanta shi buɗe. Ban yi tunanin wa ke wanke kifin ba, wa ke hura wuta tun kafin kiran salla, wa ke bin motocin Gaya da faranti a kai. Gwaggonki ba muguwa ba ce, ita ma haka ta tashi, kuma a ganinta yarinya mai hannu biyu ba ta zama tana kallon takarda alhali mai na ƙonewa. Duk zuwan da na yi ina ganin ki kina kai da kawowa, in ce, "Kai, Uwani akwai kuzari," in miƙa hannu in ƙara tsoka guda.

Da anka yi hutun farko kinka zo gida, na tare ki tun a zaure na ce, "Yaya sakamako?" Kinka sunkuyar da kai kinka ce a hankali, "Baba, tamanin da uku na zo." Na ce Allahu akbar! Ni a sana'ata, wanda ya tashi da buhu tamanin ya fi mai buhu goma, ban san wani lissafi ba bayan wannan. Na ɗauka kunya ce ta sa kinka sunkuya. Na fita da sauri na iske Tankari na ce, "Lawali nawa ya samu?" Ya ce, "Na huɗu." Na ce, "Huɗu kacal? Kada ka damu, yaro ne, shina iya ƙarowa baɗi." Na sa anka yanka babban zakaran nan mai jan wuya, na gayyace shi cin tuwo.

Tankari ya zo. Ya wanke hannu, ya ci cinya, ya ci ƙirji, ya tsotse wuya, ya sha romo. Sai da ya yi gyatsa ya sa tsinke a baki sannan ya ce, "Isuhu, in an yi tseren jakuna, wanda ya iso na huɗu da wanda ya iso na tamanin da uku, wa ake ba goro?" Har yau in mun haɗu a wurin jana'iza ko suna, sai ya matso kusa da kunnena ya yi cara a hankali.

Na shigo gida raina a ɓace, ina neman wanda zan sauke wa. Na ce kin je birni kin lalace, kin bi ƙawaye, kin kunyata ni gaban Tankari. Innarki ce ta tashi ta kamo hannuwanki biyu ta buɗe su gaban fitila. Duk tabon mai ne, wani ya warke, wani sabo, ga yankan ƙayar kifi a yatsu. Ta ce, "Malam, ka sha cin kifin nan. Ka taɓa duba hannun da ke miƙo maka shi?" Ta ce tun isowarki ta ga kina barci a zaune da loma a hannu. Na fita na zauna a zaure.

Da safe na yanke hukunci, kamar yadda na saba, ni kaɗai. Na ce an gama da birni, za ki dawo rumfar zana, in ma karatun bai yiwu ba shi ke nan. Na aika a kwaso kayanki. Innarki ta ce, "Ka zaɓa don Tankari, ka zaɓa don cikinka, yanzu za ka zaɓa don haushi. Ita mai zuwa lakwal ɗin, ka taɓa tambayar ta?" Na ce yarinya ƙarama me ta sani. Ta ce in gwada dai, ba a biya.

Na kira ki na ce, "Uwani, can ko nan?" Na tabbata nan za ki ce, ga innarki, ga barci har hantsi. Kinka daɗe kina murza bakin zane, sannan kinka ce, "Baba, can." Na ce saboda me? Kinka ce akwai wata madam mai koyar da ilimin jikin mutum, tana da wani gilashi da ake leƙawa a ga abubuwa na motsi cikin ɗigon ruwan Kwara, kuma ta taɓa tashe ki daga barci ba ta doke ki ba, ta ce ki zo ki leƙa. Kinka ce a rumfa babu gilashin. Kinka ce, "In dai zan samu in yi barci da dare, zan iya." Ban taɓa jin kin yi magana mai tsawon haka a gabana ba. Ina ta shirya miki rayuwa, ashe ke kin riga kin san abin da kike so, ba wanda ya tambaya ne kawai.

Sauran kin san shi. Ban yarda in sake ba kowa amanarki ba. Na bar wa ƙanena gonar, munka kama hayar ɗaki biyu a Malanbil, na koma saye da sayar da albasar wasu maimakon noma tawa. Mutanen Madekali sun ce na haukace, na bar ƙasar ubana saboda karatun ɗiya mace. Shekarar farko ta yi mana wuya ƙwarai, innarki ta sayar da awakinta ba ta gaya mini ba sai da na ga turke wayam. Kin maimaita ajin, amma daga nan lambar taki ta yi ta raguwa, ni kuma na koyi yin murna in ta ragu. Gwaggo Hadiza ta yi fushi da ni har Salla biyu, na koma cin kifin wata mata da ba ta iya sa gishiri ba. Wannan ma na ɗauke shi cikin kuɗin makaranta.

To ga amsar tambayarki. Ni ban ƙi babbar lakwal ta gwamnati ba. A can kinka zauna benci guda da ɗiyan masunta da ɗiyan duwan, wato 'yan kwastan, da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da mutanen kudu, shi ya sa yau duk macen da ta zo haihuwa kina iya lallashin ta da harshenta. A can ne ake samun malaman da sunka daɗe da kayan aikin da ƙananan ba su da su. Amma wuri ne da ba a bi yaro da cokali. Mai ƙoƙari shi yi gaba, mai shiru shi nutse ba a ji ba. Ƙaramar kuma ana iya sanin sunanshi tun ranar farko, amma ki bincika ko malamansu na kai ƙarshen shekara. Ku je ku ga duka biyun, ke da Malam Sani, kada ɗayanku shi yanke shi kaɗai. Ku duba nisan wurin da gida. Ku tabbata yaron na cin abinci kafin shi fita, shina barci isasshe, kuma kada aikenki shi cinye mishi lokacin karatu don kin gaji da aikin dare. Ku tafi da shi, ku sa mishi ido ku ga inda fuskarshi ta saki. In kun dawo ku tambaye shi, ku yi shiru har shi gama. Ba lalle ku bi abin da ya ce ba, ku ne manya, amma ku ji shi tukuna.

Ki gaya wa takwarana in ya kuskura ya yi wasa da karatu, na ƙwace matar tashi, wato innarki, gaba ɗaya, ba shi ƙara samun ko ƙanzon tukunyarta.

Gobe ba za ki gan ni a tasha ba. Na gaya wa innarki wai akwai motar albasa da za ta iso da sassafe, dole in tsaya. Babu wata mota. Tunda munka baro ƙauye ban taɓa kwana a garin da ba ki ciki ba, kuma ba ni son yaran tasha da ke ce mini Baba Isuhu su ga tsoho na share ido da bakin riga. Ki yi haƙuri da wannan. In kun wuce Kandi ki kira wayar innarki, ina nan kusa da ita.

Allah shi kiyaye hanya, shi sauke ku lafiya. Allah shi yi wa aikinki albarka, duk wadda ta zo hannunki ta sauka lafiya ita da abin da ta ɗauko. Allah shi buɗe kan takwarana da ƙannenshi, shi haɗa su da malamai masu tausayi. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Innarki na gaishe ku, ta ce yajin na cikin jakar nan shuɗiya, kada ku ɗora mishi kaya.

Ni ne mahaifinki,
Isuhu mai albasa, Malanbil.